Miliyan Tara a Kan Bencina

Ranar Laraba, bayan la'asar,
mota ta tsaya a bakin rumfata a Jekadafari.
Samari suka sauko da lasifika biyu,
dogaye, baƙaƙe, sun kawo mini kafaɗa,
suna takawa sannu kamar masu ɗauke da ƙwai a faifai.

"Na Alhaji Bappayo ne. Ɗaya ta shaƙe.
Ya ce ka bi a hankali, Malam Jalo,
miliyan tara ya biya, ban da kuɗin jirgi."

Na ajiye ƙarfen dalma, na goge hannu a riga.

Na kwance kusoshi, na leƙa ciki,
ina zaton zinariya, ko aljani a tsugune.
Katako ne. Auduga.
Maganaɗisu mai nauyin dutsen niƙa,
jan ƙarfe a naɗe kamar zare a mazari,
da zagayen takarda mai rawar jiki.
Abin da ke cikin rediyon mai shayi,
sai dai wannan ya ci ya ƙoshi.

Manu, yarona, ya ɗau alli ya hau ƙofa da lissafi:
buhun masara kaza, bijimai kaza,
fili a Tumfure har da tubali.
"Oga, duk don sauti?
Sautin da iska ke kwashewa kyauta?"
Na ce ya share mini ƙofa.
A zuci kuwa bayansa nake.

Ciwon? Waya ɗaya ce ɓera ya ɗanɗana.
Ɗigon dalma guda ya tashe ta.

Da dare aka kawo wuta, na rasa abin gwaji.
Na laluba tsohuwar adaka,
hannuna ya faɗa kan kaset ɗin Goggo Dudu,
wanda ta aiko mini Legas ina koyon sana'a,
da yake ita baki ne alƙalaminta.
Na ji shi ya fi sau ɗari a rediyona mai tari.
Na haddace: ka ci abinci, ka riƙe salla,
an yi ruwa a Kwami, akuyarka ta haihu.

Na danna.

Sai ga ta a cikin rumfar.
Ta gyara zama, tabarma ta amsa.
Awarwaronta ya taɓa bakin kwano.
Can baya taɓare biyu na lugude,
sai wani tari, gajere, na namiji.
Baba.
Shekara talatin yana cikin kaset ɗin nan
ban san a gefenta yake zaune ba.
Kafin ta ce "ka dawo"
ta haɗiye wani abu mai nauyi.
Wannan haɗiyar, rediyona bai taɓa gaya mini ba.

Na mayar baya, na mayar baya,
har wuta ta ɗauke ta bar ni da sauro.

Da hantsi muka kai su gida.
Falo mai sanyi kamar randa.
Aka tsayar da su gefen talabijin,
aka ɗora wa kowace furen roba a ka.
Alhaji ya murɗa har tagogi suka yi kyarma,
waya a kunne, yana cinikin siminti.
"Ka ji ƙarfi? Haka ake kaya. Nawa ne aikinka?"

Na ce dubu biyar. Ya ce uku.
Na karɓa, ban ƙirga ba.

Har yau Manu na tambaya ko sun ci kuɗinsu.
Ban san nawa ake sayar da katako
a ƙasar da aka sassaƙa su ba,
ban kuma san wa ke yanka wa tari farashi ba.
Kaset dai na aljihun gaba, kusa da ƙirji,
ni kuwa kullum bayan isha'i
ina yi wa ɓeran gidan Alhaji
addu'ar tsawon rai da kaifin haƙori.